Ragon Auren Mariyatu

Yaƙubu ya miƙa wa Ahmadu mahauci wuƙa ranar Nowel, wato Kirsimeti, Ahmadu ya yi bisimilla ya yanka akuyar majami'a.

A garin Madawa aka yi wannan, bayan 'yar majami'ar da ke gefen garaken albasa. Kiristocin unguwar ba su da yawa. Samari ne suka sayi akuyar, suka bar wa Yaƙubu yanka domin ya fi su ƙarfi. Shi baƙo ne, daga Tamaske ya zo aikin ban ruwa, a nan kuma ya karɓi baftisma. Ya duba ya ga maƙwabta duk Musulmi ne, ya san ba za su taɓa yankan Kirista ba, sai ya kira Ahmadu daga rumfarsa.

Bai san halin Barmo ba.

Barmo dattijon majami'a ne, dogo, busasshe, ba a cika jin dariyarsa ba. Ya iso jini bai gama tsiyaya ba. Ya dubi akuya, ya dubi mahauci, sannan ya dubi yaron.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa, Baba. Don maƙwabta su ci tare da mu."

"Hannunka ya karye?"

"A'a."

"To ƙazanta ce gare shi?"

Barmo ya juya ya kira iyalinsa, ya ce su ɗauki kwanoninsu su tafi gida. Matarsa ta tashi ba musu. Ɗiyarsa ce ta tsaya tattara cokula da gangan, har ta zo daidai inda Yaƙubu yake tsaye.

"Ka ɓata muna Nowel, mai albasa," ta ce, ba ta ɗaga kai ba. "Tun safe nike girki."

Ta wuce. A bakin ƙofa ta waiwayo sau ɗaya. Shi ke nan, naman akuyar bai yi wa Yaƙubu daɗi ba ran nan.

Sunanta Mariyatu. Sana'arta gabu: tana sayen ganyen albasa, ta daka, ta dunƙula, ta shanya, ta kai kasuwa. Garaken suna da yawa, amma bayan Nowel sai ta ga ganyen garkar da Yaƙubu ke aiki ya fi na kowa kyau.

"Wanga ganye naka duk ya yi ja," ta ce ranar farko.

"To je ki gaba."

"Ƙafata ta gaji."

"Kullum a nan take gajiya?"

"Kai dai cika min buhu, ka rage surutu."

Ya cika mata, ya danna da gwiwa, ya ƙara. Ya ɗora mata a ka. Haka suka yi ta yi har albasa ta fara kai. Wata rana ta zauna bakin rijiya ta ba shi labarin uban nata, domin ta ce gara ya ji daga bakinta.

Barmo ɗan garin Babankatami ne. Da ya bi Almasihu, danginsa suka ware masa kwano da moɗa. Ya haƙura. Ranar sunan Mariyatu ya yanka rago da hannunsa, ya aika wa kowane gida rabonsa. Kafin rana ta faɗi aka dawo masa da naman duka, aka zube a ƙofar gidansa, wansa na ciki ɗaya ya ce ba su cin mushe. Barmo ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Tun daga ranar bai sake cin yankan Musulmi ba. Ba ya sayen naman kasuwa, ba ya cin na biki. In yana son nama, ya kama zabo ya yanka da kansa.

"Shekaruna ke nan yana haka," in ji ta. "Kai kuma ka zo ka yi masa a gaban jama'a."

"Ni ba haka aka yi min ba," Yaƙubu ya ce.

Shi maraya ne. Kawunsa Kalla, ƙanen mahaifiyarsa, shi ya rene shi. Ranar da ya je Tamaske ya faɗa masa ya zama Kirista, Kalla ya saurare shi har ya gama. Da aka kawo tuwo sai ya tura kwanon tsakaninsu ya ce, "Sa hannu." Bai yarda da addinin ba, har yau bai yarda ba. Amma kwano ɗaya suke ci.

Mariyatu ta dube shi. Ta ce, "Ka yi sa'ar kawu." Ta ɗauki buhunta.

Da yamma saƙonta ya shigo salularsa.

"Mai albasa, hannuna duk warin ganyenka yake. Inna ta tambaye ni mi ya sa nike murmushi wajen daka."

Ya amsa: "Ki ce mata albasa ce ta shiga idonki."

"Albasa kuka take sa mutum, wawa."

"To ni kika sa ni duka biyu. Mariyana, zan turo manya."

Ta rubuto: "Turo. Amma ka ci abinci kafin ka zo, Baba ba shi da sauƙi."

Fasto ne ya kai maganar. Barmo ya ce ba ya son ɗan aike, yaron ya zo da ƙafarsa. Yaƙubu ya je ya durƙusa a zaure. Ba a ba shi ruwa ba.

"Kana son ɗiyata."

"Ina sonta, Baba."

"Ban tambaye ka gona ba, ban tambaye ka raƙumi ba. Abu ɗaya nike so. Ka sa hannu bisa Littafi ka yi alkawari: ragon aurenka kai za ka yanka, ko wani mai bi. Bayan aure ma, suna ko Nowel ko mi, Musulmi ba ya riƙe wuƙa a gidan da ɗiyata take."

"Baba, dangina duk Musulmi ne. In na yi haka ba mai cin abincin gidana."

"Su zauna da yunwa. Ni ma na zauna."

"A yi tukunya biyu mana. Tasu daban, tamu daban."

Barmo ya buga sandarsa a ƙasa. "Tukunya biyu! Wato ka yarda da bakinka hannunmu ƙazanta ne, sai an nemo mai tsarki. Tashi ka ba ni wuri. In ka shirya, ka san hanya."

Yaƙubu ya wuce kai tsaye gidan Fasto, ransa a ɓace. Ya ce a buɗe Littafi a nuna masa wanda ke da gaskiya. Fasto ya cire tabarau ya goge.

"Littafi bai faɗi wanda zai riƙe wuƙa ba, Yaƙubu."

"Duk kaurinsa?"

"Duk kaurinsa. Ya hana mai ci ya rena wanda ba ya ci, ya hana wanda ba ya ci ya hukunta mai ci. Ya ce ka girmama manya. Ya kuma ce ka ƙaunaci maƙwabci. Barmo babba ne. Kawunka ma babba ne."

"To ni wanne zan yi?"

"Ka yi addu'a, ka duba zuciyarka, ka zaɓi abin da za ka iya tsayawa da shi gaban Allah. Ni ba zan zaɓa maka ba."

"Ashe karatun naka bai kai ga akuya ba," Yaƙubu ya ce, ya fita ko sallama bai yi ba. Daga baya ya dawo ya ba da haƙuri, amma amsar ba ta canza ba.

Ya yi addu'ar. Bai ji murya ba, bai yi mafarki ba. Da babbar salla ta zo ya hau mota ya tafi Tamaske, yadda ya saba. Kalla ya tsufa, ƙarfinsa ya ragu, Yaƙubu ne ya danne masa ragon layya, shi Kalla ya yanka. Bayan sun ci, ya faɗa masa komai.

Kalla ya tsotsi haƙori. "Yarinyar tana da hankali?"

"Tana da shi, Kawu. Da tsiwa."

"To yi masa alkawarin. Kada ka rasa mata saboda cikina. Mu zo, mu zauna, mu yi maka murna, mu sha ruwa mu koma. Malamai ma wasu sun ce yankanku ya halatta, amma ka san mutanenmu, ba mai sa hannu, ni ma ba zan bambanta da su ba."

Wannan maganar ce ta yanke wa Yaƙubu shawara, ba yadda tsohon ya nufa ba. A mota yana dawowa ya yi ta ganin Kalla zaune a tsakar gidansa, ana ci, shi hannunsa bisa gwiwa. Yau a biki, gobe a suna, har ranar da ɗayansu zai mutu. Ya san ba zai iya ba. Ya kuma san in ya sa hannu bisa Littafi ya ce zai iya, ƙarya ya yi wa Allah.

Kafin ya iso Madawa wani ya riga shi. Ɗantala, mai jagoran waƙa a majami'a, ɗan kabu-kabu mai haya da moto, wato babur, wanda ya daɗe yana zagaya gidan Barmo saboda Mariyatu. Wani abokinsa ɗan Tamaske ya turo masa hoton Yaƙubu durƙushe bisa ragon layya. Ɗantala ya bi gida gida yana nunawa, yana cewa ga shi nan ya koma inda ya fito.

Saƙon Mariyatu ya same shi a tasha.

"Na ga hoton. Da ka faɗa min da bakinka da ya fi. Kada ka sake kirana."

Ya kira, ta kashe. Ya rubuta: "Rago na riƙe wa tsoho, ban riƙe masa addini ba. Kowace shekara ina yi. Ki tambaye ni, kada ki tambayi Ɗantala."

Ba amsa. Ganyen albasa ya yi ta bushewa a garka ba mai ɗauka. Ranar Lahadi ya zauna a wurinsa a majami'a, bencin ya zama nasa shi kaɗai. Matan da ke gaishe shi suka kama duban rufi. Ɗantala na gaba yana ɗaga murya.

Bayan an tashi ta tare shi a hanyar rijiya, idanunta jawur.

"Ka zo sujada don a gan ka?"

"Na zo don nan nike zuwa."

"Ka san abin da na sha a gida saboda kai? Baba ko kallona ba ya yi."

"Ke kin yarda na koma?"

Ta murza bakin zanenta. "Da na yarda da ban tsaya nan ba. Haushi nike ji. Kalma guda ce, Yaƙubu. Ka faɗa masa, a ɗaura, in ya so daga baya wa zai leƙa tukunyarmu?"

"Allah zai leƙa. Ke ma za ki san mijinki maƙaryaci ne tun ranar farko."

"To ka fi son kawunka da ni."

"Mariyana, ina sonki har ba na iya cin tuwo. Amma mutumin da bai ware min kwano ba, ni ba zan ware masa ba. Ban ce Baba ya yi zunubi ba. Abin da aka yi masa, da ni ne ban san yadda zan zama ba. Nasa ke nan. Wanga nawa ne."

Ta share ido da bayan hannu. "Kai da Baba duk kanku dutse ne. Ni ce dai tsakani." Ta yi taku biyu ta tsaya. "Je ka faɗa masa. Ina nan."

Ya je. A zaure ya tarar da Ɗantala zaune bisa tabarma, an ba shi ruwa. Yaƙubu ya durƙusa.

"Baba, na yi addu'a, na yi tunani. Ba zan yi alkawarin ba. In Allah ya ba ni Mariyatu, kawuna ne zai yanka ragon."

"A gidana kake faɗa min haka?"

"Gara a gidanka da bayan idonka."

Ɗantala ya yi dariya. "Baba, bar shi. Ni a kawo Littafin yanzu." Aka kawo. Ya ɗora hannu ya yi alkawari, har ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba: ya ce shi ma daga yau ya bar cin yankansu, kamar Baba.

Barmo ya nuna wa Yaƙubu ƙofa da sanda.

Mariyatu ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta faɗa wa ubanta ba za ta gudu ba, ba za ta yi aure ba da yardarsa ba, amma Ɗantala ya daina ɓata man moto. Barmo ya ce shi ba ya yi wa kowa dole, ta zauna ta tsufa a gida in ta ga dama. Suka daina magana, sai gaisuwa. Ya hana ta zuwa garaken, sana'ar gabu ta tsaya.

Saƙo kaɗai ya rage musu.

"Mai albasa, kana nan?"

"Ina nan, mai tsiwa. Na ajiye miki ganye har ya zama ƙasa."

"Ajiye wani."

Aka cire albasa, aka zuba a buhuna. Wata ranar kasuwa Yaƙubu na tasha yana loda wa babbar mota, sai ya hango Barmo tafe da zabi biyu a hannu, zai kai sayarwa. Can gefe, wajen mai balangu, 'yan kabu-kabu sun kewaye takarda guda suna ci. Ɗantala na tsakiyarsu, bakinsa duk mai.

Barmo ya tsaya a kansa. Inuwarsa ce ta sa Ɗantala ɗaga kai.

"Wa ya yanka wannan?"

Ɗantala ya haɗiye da ƙyar. "Baba, ai wannan na tasha ne. Kowa na ci."

"Na tambaye ka kowa?"

"Haba Baba, maganar gida ce muka yi, ta biki. Mutum yana aiki tun safe, zai zauna da yunwa?"

"Ni na sa ka faɗi abin da ka faɗa? Da hannunka bisa Littafi?"

'Yan kabu-kabu suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Tsoho, zo ka ɗanɗana, da yaji." Barmo bai kula shi ba. Ya tofar da yawu gefe, ya juya, idonsa ya faɗa kan Yaƙubu da buhu a kafaɗa. Suka dubi juna. Tsohon ya koma gida da zabinsa bai sayar ba.

Bai kira Yaƙubu a makon nan ba, bai kira shi a na gaba ba. Barmo ba ya saurin saukowa. Sai da damina ta kusa, ya aiko matarsa da kanta ta ce ana nemansa.

Wannan karon an ajiye ruwa a zaure.

"Har yanzu kana kan bakanka?"

"Ina kai, Baba."

"Ba ka da kunya."

Yaƙubu ya sunkuyar da kai.

"Kuskure kake yi. Za ka gani. Ran da suka tashi wulaƙanta ka, ragonka ba zai hana su ba." Ya dubi bango. "Amma ka ƙi ni a fuskata, ka san abin da za ka rasa. Wancan ya ce min to, ya tahi ya lashe yatsa. Ba na ba maƙaryaci ɗiya. Turo kawun naka. In ga mutumin da ya fi ni a wurinka."

Daga bayan zana aka ji kwano ya faɗi, aka ji gudu. Kafin Yaƙubu ya kai bakin titi salularsa ta yi ƙara.

"Na ji komai. Na fasa wa Inna kwano. Yaƙubuna, sayo rago mai ƙiba."

Bayan an yi girbin gero aka ɗaura auren a majami'a. Mutanen Tamaske suka cika mota guda, suka tsaya a waje ƙarƙashin itacen bedi har aka gama. Da aka fito, Kalla ya yanka ragon a ƙofar ɗakin da Yaƙubu ya gina, ango na danne da shi. Ahmadu mahauci ya feɗe. Aka dafa a tukunya ɗaya. Maƙwabta suka ci, 'yan majami'a suka ci, Fasto ya ci har ya nemi ƙari. Wasu dattawa biyu abokan Barmo ba su zo ba, har yau kuma ba sa gaisawa da Yaƙubu.

Barmo ya zo. Ya zauna gefe bisa kujerarsa da ya sa aka ɗauko masa daga gida. Aka kawo ango da amarya suka durƙusa gabansa. Ya ɗora hannu a kan kowannensu.

"Ubangiji shi kiyaye ku. Shi ba ku 'ya'ya masu jin magana, ba irinku ba. Shi sa gidanku kada a rasa abinci, kada a rasa gaskiya. Ke, ki rage baki. Kai, in ta yi kuka a gidanka, ni da kai ne."

Jama'a suka ce amin. Mariyatu ta kama hannun uban ta riƙe, hawaye na zuba bisa lallenta. Yaƙubu ya ji ƙirjinsa ya saki, karo na farko tun Nowel.

Sai ga Kalla ya taso a hankali, da kwano a hannunsa. Ya zaɓo tsoka mai kyau da hanta. Ya zo ya tsuguna gaban Barmo, tsoho gaban tsoho.

"Surukina," ya ce, "na ji abin da aka yi maka a garinku. Ba ni na yi ba, amma na ji kunya. Yau mun zama ɗaya. Sa hannu."

Barmo ya dubi kwanon ya daɗe. Ya dubi ɗiyarsa, ya dubi Yaƙubu. Sannan ya miƙa hannu ya kama na Kalla ya gaisa da shi sosai, da hannu biyu, ya tura kwanon baya.

"Ɗiya na ba ku, albarka na sa," ya ce. "Nama ba na ci."